Hular Malam Labbo a Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar su Malam Labbo Abdulƙadir a Jega ya san ba ya bukatar agogo, tarin tsohon mashin ɗin Malam ya ishe shi. Da an dawo sallar asuba, ya ɗan yi tilawa, ya sha kokonsa, sai ya turo shi ƙofar gida ya hau buga masa ƙafa. Mashin ɗin nan ba ya tashi sai an yi masa magiya. Maƙwabta sun gaji da cewa ya sayar ya huta, shi kuwa ya ce ba zai rabu da abokin da ke masa gardama kowace safiya ba. In ya tashi, sai Malam ya sa hannu biyu ya gyara zaman hularsa, wata tsohuwar ƙube mai ruwan ƙasa, sannan ya kama hanyar makaranta. Haka ya yi shekara talatin da 'yan kai, har watan jiya da ya ajiye aiki.

Mutum ne da ba a ganin kansa a buɗe. Matarsa, Inna Luba, takan yi wa mata dariya ta ce, "Ni da nika zamne da shi, ban cika ganin tsakiyak kainai ba." Amma akwai waɗanda suka san furfurar nan da ɗan sanƙon da ke tsakiyarta kamar tafin hannunsu, su ne ɗalibansa. A gabansu kaɗai yake cire hula, kuma ranar Alhamis kaɗai. Saboda wannan cire hula nake yi masa jinjina a yau.

Malam Labbo darasin zaman jama'a yake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke tsakanin Jega da Aliero. Litinin zuwa Laraba malami ne kamar kowane malami, har ma ya fi wasu tsanani, don ba ya ɗaukar makara kuma ba ya ɗaukar surutu. Amma darasin ƙarshe na Alhamis, sai ya shigo aji ya rufe littafi, ya cire hular ya ɗora a kan tebur, ya je ya ce wa wani yaro ya matsa su zauna a benci ɗaya.

"To, hulla ta sauka," in ji shi. "Malam ya hita, Labbo na zamne. Wa ad da magana?"

Muddin hular nan tana kan tebur, kowa na da ikon ya miƙe ya ce, "Ban yarda ba." Da abin da Malam ya koyar, da abin da littafi ya ce, da yadda ake tafiyar da makarantar kanta, babu wanda aka keɓe. Sharaɗi dai sai ka kawo dalili, kuma ban da zagi. Abin da aka faɗa a wannan zama ba ya taɓa makin kowa, ba ya kuma bin kowa gida. Kada mai karatu ya ɗauka lallashi ake yi. Malam ba ya raga wa kowa. In ka taso da magana mara tushe, zai bi ta da tambaya har ka zauna kana gumi, aji na dariya. In kuwa ka kayar da shi, sai ya tafa hannu ya ce, "Ka hi ni gaskiya," ba tare da fuskarsa ta sauya ba. An taɓa samun wanda ya ce masa rubutunsa a allo ya fi kama da sawun kaji, ya kuma kawo shaidu daga bencin baya. Mako na gaba Malam ya dawo da haruffa manya-manya, yana yi yana ƙunƙuni.

Wasu sun ɗauka a boko ya kwaso wannan ɗabi'a. Ko kusa. A zauren mahaifinsa ya gan ta. Malam Abdulƙadir babban malami ne a Jega, kuma duk ranar da aka sauke littafi yakan warware rawaninsa ya ajiye a kan buzu, ya ce wa manyan ɗalibai su faɗi abin da bai kwanta musu ba. Labbo ya taso yana ganin masu gemu suna ja-in-ja da mahaifinsa a kan mas'ala, in an gama a ci tuwo tare. Da ya shiga aji ya tarar da yara ba su san komai ba sai "na'am" da "haka ne", abin ya dame shi. Ba shi da rawani, sai ya yi da abin da ke kansa.

Shekarar da hular nan ta kusa cin aikinsa, lokacin cirar albasa ne, ana tsakiyar zafin bazara. A garin da makarantar take akwai wani babban manomi, Alhaji Ɗantsoho, wanda shi ya ba da filin da aka gina ta, shi ya kuma yi wa yawancin azuzuwan rufin kwano. Don godiya, tun farko aka saba kai masa ɗalibai gayyar yini guda a fadamarsa, maza su cire su kwashe, mata su yanke lawashi su ware manya da ƙanana. Gonar ta yi ta faɗi, gayyar ma ta yi ta faɗi, yini guda ya koma makonni. 'Yan ajin ƙarshe, waɗanda jarrabawar fita ke gabansu, su aka fi kwasa don su ne masu ƙarfi. Kowa na gani, kowa ya yi gum.

A makon ne kuma, kamar da gangan, manhaja ta kawo Malam Labbo kan darasin gayya. Ya yi bayani mai daɗi, ya ce gayya taimakon juna ce, yau a gonarka gobe a tawa. Ranar Alhamis hula ta sauka, sai wata yarinya mai suna Zuhura Alu, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta miƙe. Hannayenta duk warin albasa.

"Malam, ni ban yarda wagga da munka yi gayya ta ba."

"Kawo dalili."

"Kun ce gayya yau gare ka, gobe gare ni. To mu mun tahi gonar Alhaji. Ranaj jarrabawa, shi za shi zaka shi rubuta tamu?"

Malam bai sakar mata ba, ya tuna mata fili da rufin kwano, ya ce ai alheri ba a mance shi. Ta ce ba ta mance ba, amma an rufa aji ne don a zauna ciki a yi karatu, su kuwa ga shi rufin na nan su suna fadama. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai sami inda zai kama ta ba. Ya shafa sanƙonsa ya ce, "Zuhura, ba ni da amsa. Amma ina nemo ta."

Da wani ne, nan maganar za ta mutu, a tashi a ce yarinya ta yi ƙoƙari. Shi a ganinsa, in yaro ya yi ƙarfin halin tambaya, malami kuma ya haɗiye ta don tsoro, to an koya wa yaron cewa magana ba ta da amfani. Taron malamai na gaba ya miƙe ya ce wani ɗalibi ya yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya faɗe ta yadda take, ya ce a taya shi amsawa. Malamai suka sunkuyar da kai, wannan na duba farce, wancan na duba rufi. Kafin la'asar magana ta isa kunnen Alhaji, kuma ta isa da kumburi irin na maganar gari, wai an ce a aji yana cin gumin 'ya'yan mutane.

Shugaban makarantar, Malam Sanusi, ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Akwai sauran azuzuwa biyu da ke jiran rufin Alhaji. Ya garzaya ya ba da haƙuri, ya kuma yi alkawarin da bai kamata ya yi ba, cewa duk ɗalibin da ya furta wannan magana za a kore shi. Jarrabawa kuwa saura 'yan makonni. Korar Zuhura a wannan lokaci ba hutun kwana biyu ba ne, ƙarshen karatunta ke nan, domin mahaifinta ba shi da halin kai ta wani gari ta sake shekara. Malam Labbo ya san haka sarai lokacin da aka kira shi ofis.

"Malam Labbo, suna nika so. Ka ba ni suna mu kashe wutag ga."

"Ranka shi daɗe, maganad da anka yi hulla na bisa tebur, ba ta da mai ita. In dole sai an rubuta suna, rubuta nawa. Ni nib buɗe baki gaban malamai."

"Kana wasa da aikinka."

"Na sani. Amma in nib ba ka sunan ga, Alhamis mai zuwa in cire hulla in ce ma yara mi?"

Malam Sanusi ya jera 'yan ajin a rana, ya yi lallashi, ya yi barazana. Yara fiye da hamsin, babu wanda ya ko kalli inda Zuhura take tsaye. Ita ce ma ta kasa jurewa, ta sami Malam a gindin darbejiya yana fama da mashin, tana kuka ta ce za ta kai kanta kada a kore shi. Ya ce mata ta share hawaye ta je ta yi bitar karatunta, ba ta yi laifin da za ta kai kanta ba. A ransa kuwa hankalinsa a tashe yake. Yana da iyali, ba shi da gona, ba shi da shago. Inna Luba ta ce kwanakin nan ko tuwo ba ya gamawa, amma ko sau ɗaya ba ta ji ya ce da na sani ba.

Aka kira taron iyaye ranar Asabar da hantsi. Dattawa suka zauna a bayan dogon tebur, Alhaji Ɗantsoho a tsakiya, Liman Malami na masallacin Juma'ar garin a damansa. Alhaji ya fara cikin ɓacin rai.

"Ni za a ce ma ina cin gumin ɗiyan mutane? Ni da nib ba da hilin ga? Wanga malami ya koya ma yara rashin kunya, kuma ya ɓoye mai laihi."

Aka ce Malam Labbo ya tashi ya ba da haƙuri. Ya tashi, ya tako har gaban tebur, ya durƙusa ya gaida manya. Da ya miƙe, sai ya sa hannu biyu ya cire hularsa ya ajiye a gabansu. Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane nauyin abin ba. Magidanci mai furfura, tsaye kai a buɗe gaban liman da dattawan gari! Wasu suka yi salati, wasu suka kau da kai don kunya.

"Iyayena, ku gahwarce ni," in ji shi. "Haka nika yi da ɗiyanku in muna neman gaskiya. Ba a zagi Alhaji ba. Ga abin da anka ce, ba ƙari ba ragi." Ya maimaita tambayar Zuhura kalma da kalma. "Na nemi amsa ban samu ba. In akwai mai ita cikinku, shi ba ni in kai musu."

Can sai Liman Malami ya yi gyaran murya, ya daɗe yana kallon hular nan. Ya ce shi ya san wannan aiki, domin a zauren Malam Abdulƙadir ya yi karatu, ya ga rawani a kan buzu da idonsa, kuma shi kansa ya taɓa ja da malaminsa a irin wannan zama bai ga an kore shi ba. "Wanga ba rashin kunya na ba," in ji shi. "Da haka munka koyi karatu."

Daga can baya wani ɗan siririn mutum ya miƙe. Alu ne, mahaifin Zuhura, wanda 'yan fangalin albasarsa da injin ban-ruwan Alhaji suke sha. In akwai wanda ya kamata ya yi shiru a wurin nan, shi ne. Ya ratso mutane, ya cire tasa hular da ta sha rana, ya ajiye kusa da ta Malam.

"Mai tambayag ga ɗiyata ta," ya ce. "Ta hwaɗa mani da bakinta. Kuma ni ma ban yarda ba. Na daɗe ban yarda ba, baki na ban samu ba sai yau."

Wallahi waɗanda suka ga wannan rana har gobe in suna ba da labari sai tsigar jikinsu ta tashi. Wani ya taso ya ajiye tasa, ya ce ɗansa ya faɗi jarrabawa bara. Wani ya biyo. Malaman nan da suka yi ta duba farce, sai ga biyu daga cikinsu sun fito kai a buɗe. Kafin a jima teburin dattawa ya koma kamar rumfar mai sayar da huluna a kasuwar Jega, mutane na faɗin abin da suka shekara suna haɗiyewa, kuma babu wanda ya zagi kowa.

Ba zan yi wa Alhaji Ɗantsoho ƙarya ba, bai cire tasa ba. Ya saurara fuska a murtuke, ya kakkaɓe riga ya fita ba sallama. Kowa ya ce shi ke nan, albasar Alu ta bushe. Washegari injin ya tashi kamar kullum, ruwa ya bi fangalin Alu kamar kullum, sai ga 'yan ƙwadago a fadama suna cira. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma bai sake karɓar ɗalibi ko ɗaya a gonarsa ba, kuma kafin damina ya rufa azuzuwan nan biyu. Maganar kora ta bi iska. Zuhura ta zauna jarrabawarta ta ci.

Malam kuwa ya biya nasa farashin. Hutu na ƙarewa aka ɗauke shi aka jefa wata ƙaramar makaranta a wajen Kuberi, can cikin Maiyama, inda da damina rabin hanya shi ke tura mashin, ba mashin ke ɗaukarsa ba. An yi haka don a ladabtar da shi. Abin da masu ladabtarwar suka manta shi ne, hular a kansa take. Alhamis ta farko ya ajiye ta a kan teburin Kuberi. Da aka mai da shi Gumbin Kure ya ajiye ta can, haka Alelu. Duk inda ya bari sai ka tarar da wani matashin malami ya ɗauki ɗabi'ar. Da sun bar shi wuri guda, da makaranta ɗaya ce ta amfana.

Malam Labbo, ɗan Malam Abdulƙadir, kai ne ka nuna mana cewa girman malami ba a hula yake ba. Kai ne ka zauna a benci ɗaya da 'ya'yan manoma ka bar su suka kayar da kai, ka tashi girmanka bai ragu ba. Kai ne aka ce ka zaɓa tsakanin aikinka da sunan yarinya, ka miƙa naka sunan. Yau a asibiti, a kotu, a kasuwar albasa ta Aliero, in ka ji mutum ya ce "ban yarda ba" cikin ladabi ya kuma kawo dalili, bincika, da wuya bai zauna a ajinka ba.

Watan jiya tsofaffin ɗalibai suka shirya masa walimar ajiye aiki a makarantar nan ta farko. Mai shugabantar makarantar a yanzu ba kowa ba ce illa Malama Zuhura Alu, wadda ta yi jami'a a Aliero ta dawo ta kama alli. Da aka ba Malam dama ya yi magana, sai ya shiga irin tawali'un nan nasa mai ban haushi. Ya ce shi bai yi komai ba, albashinsa ya ci, yara ne masu ƙoƙari. Yana cikin haka Malama Zuhura ta taso ta durƙusa a gabansa.

"Malam, ku ara mani hulla."

Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya cire ya ba ta. Ta ɗora a kan tebur, ta juyo.

"Malam, ban yarda ba."

Wuri ya kaure da sowa. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Kawo dalili."

"Ni ta dalili," in ji ta. "Da kun hwaɗi sunana ran nan, da ba ni nan tsaye."

Ya buɗe baki zai yi gardama kamar yadda ya saba, sai ya fasa. Ya sa gefen rawanin wani dattijo da ke kusa ya goge ido, dattijon bai hana shi ba. Da ƙyar ya ce, "Kin hi ni gaskiya."

Da aka tashi ya miƙa hannu a ba shi hularsa, ta ce ina! Ita mace ce, ba ta da hular cirewa, duk shekarun nan da littafi take maneji a kan tebur, yau kuwa ta sami ta gaske. Haka Malam Labbo ya hau tsohon mashin ɗinsa ya ratsa Jega da rana tsaka kai a buɗe, ɗalibai na biye da shi a kan babura suna ta oda. Inna Luba ta leƙo ta gan shi, ta riƙe haɓa ta ce, "Yau dai gari duka ya ga abin da ban cika gani ba."

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya jiƙan mahaifin da ya warware rawani kana kallo. Ku kuma malamai da iyaye da shugabannin makarantu, ba sai kuna da ƙube mai ruwan ƙasa ba. Ku ware lokacin da yaro zai ce muku bai yarda ba ya kwana lafiya, ku bar malamin da ke ƙarƙashinku ya faɗi abin da ya gani ba tare da an jefa shi ƙauye ba, in kuma aka zo neman suna, ku tuna abin da Labbo ya ce a ofis.

Ya sayi sabuwar hula, yana ta ƙorafin wai ba ta zauna masa ba. Tsohuwar kuwa ba ta yi ritaya ba. Ranar Alhamis mai zuwa, darasin ƙarshe, tana kan tebur.